Yadda Giyar Sukuta Ta Bar Hannun Mai Tuƙi Ta Koma Hannun Makanike

A gefen hagu na kusan kowace sukuta ta zamani akwai wani dogon murfi da ya taso daga inji ya dangana da tayar baya. Galibin masu hawa ba su taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba. Su dai su murɗa totur babur ya ja, ba kuloci a hannu, ba giya a ƙafa. In aka kwance murfin, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: fuli biyu, bel ɗin roba guda, 'yan rola shida da ba su wuce girman kan yatsa ba, sai sifirin. Fulin gaba da rolarsa shi masu sana'ar ke kira bariyeta, kuma dabarar da ke cikinsa ta haura shekara ɗari. Masu tallar babur sun saba cewa wannan na'ura ta kawar da wahalar canza giya. Tarihinta bai goyi bayan wannan magana ba. Hukuncin wace giya ce ta dace da wane lokaci yana nan daram, an dai ɗauke shi daga hannun mai tuƙi aka zuba shi cikin nauyin rola da taurin sifirin da faɗin bel. Injiniya ne ya zaɓi waɗannan tun a masana'anta, makanike kuma ya gaje su daga ranar da babur ya fara cin hanya. Daga wannan sauyin hannu sana'ar gyaran bariyeta da ƙara masa kuzari ta tsiro.

Matsalar da aka so warwarewa tsohuwa ce. Injin fetur ba ya ba da ƙarfinsa sai yana juyi cikin wani ɗan taƙaitaccen zango, ita kuwa taya dole ta fara daga tsaye ta kai ga gudu. Tun a 1879 wani Ba'amurke, Milton Reeves, ya ƙera fuli mai buɗewa da rufewa don daidaita gudun injin yankan katako, daga baya ya gwada shi a mota. A kan babur kuwa Ingila ce ta fara nuna amfaninsa. Kamfanin Zenith ya fito da tsarin Gradua na Freddie Barnes wajen 1908: mai tuƙi yana juya wani hannu a gefen tanki, fulin inji ya buɗe ko ya matse, tayar baya kuma ta matsa gaba ko baya don kada bel ya saki. A gasar hawan tudu baburan Zenith sun riƙa cinye masu giya ɗaya har wasu ƙungiyoyi suka hana su shiga, kamfanin kuma ya mayar da hanin abin taƙama ya sa shi a tambarinsa. Kamfanin Rudge ya biyo baya a 1912 da Multi, wanda ke sauya fulin gaba da na baya tare, kuma a kansa Cyril Pullin ya ci babban tseren Tsibirin Man a 1914 da matsakaicin gudun da ya kusa mil 50 a sa'a. Abin lura shi ne a duka biyun mai tuƙi ne ke yanke hukunci da hannunsa, kamar mai giya. Duk da nasarorin nan, kafin shekarun 1920 su yi nisa sarƙa da akwatin giya sun kore su daga kasuwa, domin bel ɗin wancan zamani yana santsi in an yi ruwa, yana miƙewa, ba ya kuma jure ƙarfin injunan da ke ta ƙaruwa.

Abu biyu suka farfaɗo da dabarar, dukansu daga Amurka. Na farko shi ne bel ɗin roba da zare mai gefuna a karkace, wanda John Gates ya ƙera a Denver a 1917. Shi ne kakan fambel ɗin mota da bel ɗin da ke jan injin niƙa a unguwanninmu. Da gefunansa yake kama fuli, kuma gwargwadon yadda aka matse shi, gwargwadon yadda yake riƙewa. Na biyu shi ne aikin E. Foster Salsbury a Kalifoniya, wanda ya fara sayar da sukutar Motor Glide a 1936, ya kuma sa mata tsarin da ke canza kansa a 1938. Salsbury direbobin mota yake nema, mutanen da ba su da sha'awar koyon babur. Nan ne hannun mai tuƙi ya fita daga lissafi. A tsarin da ya kafu daga baya, fulin gaba faifai biyu ne masu gangara da ke fuskantar juna, ɗaya a kafe, ɗaya yana zamewa. A bayan mai zamewar akwai rola cikin kwaruruka. Idan inji ya ƙara juyi, rolar na neman wurgawa waje kamar dutse cikin majajjawa, sai su hau gangarar kwarinsu su tura faifan ciki, bel ya rasa wurin zama ya hau can sama. Da yake tsawon bel ba ya canzawa, hawansa a gaba yana tilasta masa nutsewa cikin fulin baya, inda wani babban sifirin ke ƙoƙarin hana shi. Kokawar da ke tsakanin nauyin rola da taurin wannan sifirin ita ce giyar babur a kowane lokaci. A bayan fulin baya kuma akwai kuloci mai takalma uku da ke buɗewa su kama tukunyarsu idan juyi ya kai, shi ya sa sukuta ke tsayawa a danja inji na aiki ba ta mutu ba.

Kamfanin Salsbury bai daɗe yana ƙera sukuta ba, ya daina kafin 1950, ko da yake Mitsubishi ta kwaikwayi ƙirarsa a Japan ta yi Silver Pigeon a 1946. Turai ta fara bin wata hanyar dabam. Besfar da Corradino D'Ascanio ya zana wa Piaggio a 1946 giyarta a hannun hagu take, ana kama kuloci a murɗa, haka ma Lambretta ta bi daga baya. Wannan ce Besfar da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka yi yayi a Kano da Kaduna da Zariya, kuma babu bel a cikinta ko kaɗan. Bel ya dawo Turai ta ƙofar talaka. A Faransa kamfanin Motobécane ya fito da Mobylette a 1949, ya kuma sa mata bariyeta a tsakiyar shekarun 1950, da wata dabara mai ban sha'awa: injin ne gaba ɗaya ke lilo a kan marataya don bel ya zauna a ɗaure. Peugeot 103 ta biyo a 1971. Waɗannan su ne mobiletin da suka cika titunan Wagadugu da Bamako da Yamai, ta haka makanikan ƙasashen renon Faransa suka san bariyeta shekaru da dama kafin sukutar Sin ta iso. A Holan kuwa Hub van Doorne ya sa tsarin a mota, DAF 600, da aka nuna a 1958. Motar ta yi suna da abu biyu: ana yi mata kallon motar tsofaffi, sannan tana gudu da baya daidai da yadda take gudu gaba, abin da ya sa ta zama gwanar tseren baya-da-baya da gidan talabijin ɗin ƙasar ya riƙa nunawa.

Japan ce ta mayar da bariyeta abin kowa. A 1977 Yamaha ta fito da Passol, mai shimfiɗaɗɗen wurin ajiye ƙafa, aka tallata ta ga matan gida masu zuwa cefane. Honda ta mayar da martani da Tact a 1980 mai bel da fuli biyu, kuma a gasar kasuwa mai zafi da kamfanonin biyu suka yi har zuwa 1983 aka zubo sababbin samfura ba adadi. Ƙirar da ta fito daga wannan zamani, inda inji da bel da tayar baya suke dunƙule guda, ita ce har yau. Wani injin Honda na shekarun 1980 da aka sani da GY6 ya zama abin kwaikwayon masana'antun Taiwan da na Sin, har ta kai lambobin bel ɗinsa sun zama harshen da masu sayar da kayan gyara ke magana da shi a nahiyoyi: 842-20-30 na nufin tsawon milimita 842, faɗin milimita 20, da karkatar gefe ta digiri 30. A Indiya, inda mutane suka taɓa jiran shekaru kafin su sami Bajaj Chetak mai giyar hannu, Kinetic Honda ta kawo bel a shekarun 1980, Activa ta zo a 2001, ba a kuma jima ba aka daina ƙera Chetak ɗin. Ita kanta Piaggio ta miƙa wuya, domin tun daga ET4 ta 1996 bel ne ke jan sababbin Besfa, tsohuwar PX mai giya kuma dokokin hayaƙi na Turai suka yi mata ritaya.

A duk waɗannan wurare sababbin mahaya sun shigo, mata da dattawa da ɗalibai da masu kai saƙo, mutanen da ba a nemi su koyi sauraron inji ba. Amma wani ya biya kuɗin wannan sauƙin. Akwatin giya na ƙarfe da ke iyo cikin baƙin mai kan yi shekaru da dama giyarsa ta biyu tana nan yadda aka yanka ta. Giyar bariyeta kuwa tana canzawa da tsufan kayanta, a hankali, ba tare da ƙara ba. Bel yana cinyewa ta gefuna, kuma idan ya ragu da milimita ɗaya ko biyu ba ya iya hawa ƙolin fulin gaba, sai gudun ƙarshe ya ragu inji yana ta kuka. Rola suna sudewa ta gefe guda su daina birgima, babur ya riƙa fizga yana maƙalewa a giya ɗaya. Zafi yana sa takalman kuloci su yi sulɓi, tukunyar ta yi shuɗi, tashi ya zama da karkarwa. Sifirin yana laushi. Mai babur ba shi da hanyar gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan da gwanintar tuƙi, yadda direban mai giya zai lallaɓa kulocin da ya gaji. Dole a buɗe murfi. Shi ya sa littattafan masu ƙera babur suka ƙayyade lokacin sauya bel, wanda a sukutocin Honda da yawa kilomita 24,000 ne, ba sai an jira ya tsinke ba, tunda tsinkewarsa a kan gudu na iya naɗe zarensa a fuli. Makanike na ƙwarai yana auna faɗin bel da ma'auni, ya busa ƙurar robar da ta taru, ya duba matatar iskar da ke sanyaya ɗakin, ya tabbatar giris bai taɓa fuskar fuli ba, sannan ya ɗaure notin gaba daidai ƙa'ida da abin riƙe fuli. Wannan noti shi ne wurin da gaggawa ta fi yin ɓarna, domin in ya saki yakan cinye haƙoran sandar inji, aikin sa'a guda ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Ɗaya ɓangaren sana'ar, wato sauya kaya don ƙarin kuzari, doka ce ta haife shi. Faransa da Italiya sun ba 'yan shekara 14 damar hawa babur mai inji 50cc, da sharaɗin kada gudunsa ya wuce wani ƙaramin haddi, wanda a Tarayyar Turai ya tsaya a kilomita 45 a sa'a. Hanya mafi arha ta cika wannan sharaɗi ita ce a sa wani zobe tsakanin faifan bariyeta ya hana su haɗuwa, bel ya kasa hawa sama. Ba a daɗe ba samari suka gano cewa cire zoben kawai ya isa. Wanda ya buɗe murfi sau ɗaya ya ga rola, sai ya fara tambayar me zai faru in an sa marasa nauyi. Kamfanonin Italiya irin su Malossi da ke kusa da Bolonya da Polini da ke yankin Bergamo, waɗanda suka fara da gyaran keke da babur, sun bunƙasa a kan wannan tambaya: bariyeta mai sabon yankan gangara, rola iri-iri da bambancinsu bai wuce rabin giram ba, sifirin masu launuka gwargwadon tauri, bel mai zaren aramid. Daga baya Taiwan ta kawo wasu 'yan ƙwayoyi masu kusurwa da ke zamewa maimakon birgima. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce. Rola marasa nauyi suna jinkirta hawan bel, inji ya yi juyi da yawa, tashi ya yi zafi, fetur ya ƙone da yawa. Masu nauyi suna gaggauta hawan, inji ya yi sanyi ya rage shan mai, amma ya yi nawa a tudu. Wanda ke zaɓen giram goma sha biyu maimakon sha huɗu aikin da direban Rudge ke yi da hannunsa a 1914 yake yi, sai dai shi sau ɗaya yake yinsa, a kan benci, ya kuma ɗora wa mai babur har ranar da za a sake buɗe murfi.

Akwai masu cewa duk wannan labarin shan kaye ne aka yi wa ado: bel ɗin roba yana zubar da wani kaso na ƙarfin inji ya zama zafi, fiye da yadda sarƙa ke yi, kuma baburin da ya fi kowane sayuwa a tarihi, Super Cub na Honda da aka fara a 1958 aka kuma ƙera miliyan 100 zuwa 2017, sarƙa da giyar ƙafa gare shi. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai asarar da ake yi a bel rabin lissafi ce. Ɗaya rabin shi ne bariyeta na riƙe inji a zangon da ya fi ƙarfi ba tare da yankewa ba, abin da matsakaicin direba ba ya iyawa da giya huɗu a cikin cunkoso. Masu tseren mota sun ɗauki wannan da gaske: a 1993 ƙungiyar Williams ta gwada motar Formula 1 mai irin wannan tsari da bel ɗin ƙarfe na kamfanin Van Doorne, David Coulthard yana tuƙi, hukumar tseren kuma ta haramta shi kafin ya shiga gasa ko ɗaya. Ba a haramta abin da ba a jin tsoro. Shi ma Super Cub in an duba shaida ce ga wannan magana, ba kishiyarta ba, domin abin da ya sa ya karɓu shi ne an cire masa kulocin hannu. Ya yi rabin tafiyar da sukuta ta ƙarasa. A biranen Indunisiya, inda baburan irinsa suka yi sarauta shekaru da dama, yanzu masu bel ne suka fi yawa a cikin sababbin da ake saya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Ana cewa injiniyoyin kamfani sun fi makaniken bakin titi sani, don haka sauya rola da sifirin yaudara ce ta masu sayar da kaya. Akwai gaskiya mai ɗaci a ciki. Bariyeta ba ya ƙara wa inji ƙarfin doki ko guda, kuma duk wanda ya yi wa mai babur alkawarin hakan ya cuce shi. Bel mai zaren da ya fi tauri kan ci fuskar fulin alminiyam da sauri, sifirin da ya cika ƙarfi yana ƙara zafi yana rage kwanan bel, kuma da yawa daga cikin abin da ake yabawa bayan an sa sabon kaya amfanin maye gurbin tsoffin rola da suka sude ne kawai. Amma zaɓin kamfani shi ma sasanci ne. An yi shi ne don mutum mai matsakaicin nauyi, a kan hanya mai matsakaicin tudu, da kuma don a ci jarrabawar hayaƙi da ta ƙara. Mai ɗaukar kaya kullum a garin tuddai ba shi ne wannan mutumin ba, mai doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ma haka. A babur mai giya kowannensu zai gyara wa kansa da ƙafa. A sukuta ba wanda zai gyara musu sai mai sifana. Ƙorafin ya faɗa ne a kan makaniken da ke sauya abu uku lokaci guda ba tare da ya auna juyin inji ba, ba a kan aikin kansa ba.

Dogaron bariyeta a kan makanike ne ma ke bayyana dalilin da ya sa bel bai ci kasuwar arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba. 'Yan acaɓa da 'yan kabu-kabu sun tsaya a kan Boxer da Jincheng da ire-irensu, kuma akasarin roba-robar da ta cika gari ƙirar Cub ce mai sarƙa. Ɗakin bel yana shaƙar iska don ya huce, ƙurar hunturu kuwa na shiga tare da iskar ta riƙa goge rola da fuli. Zafin bazara da lodin mutum uku da buhu su ne manyan abokan gabar roba, ƙananan tayoyi kuma ba sa son rami. Bayan haka, sarƙa tana gargaɗi: tana saki, tana ƙara, kowane yaron gareji a kowane ƙauye yana iya ɗaure ta ko ya rage mata ƙwaya. Bel ba ya ɗinkuwa, sai sabo, kuma sai mai lambar da ta dace, jabu kuwa a ido ba shi da bambanci da na gaske. Na'urar da ta ɗora komai a kan makanike da mai sayar da kayan gyara ba ta yaɗuwa fiye da inda waɗannan biyun suka kai, shi ya sa ake ganinta a manyan birane a hannun masu gajeriyar tafiya, ba a hanyar kasuwar ƙauye ba.

Baburan lantarki da suka fara shigowa sun zo da wani sauyin hannun. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga juyin farko, don haka ba ya bukatar rola ko sifirin. Wasu, irin su Ather ta Indiya, sun riƙe bel mai haƙora a kan giya ɗaya tak da ba ta canzawa, wasu kuma sun sa injin cikin tayar baya suka jefar da bel ɗin gaba ɗaya. Yadda babur zai tashi da yadda zai ja a tudu yanzu a cikin manhajar wani ɗan akwatin kwamfuta ake rubuta shi, kuma galibin kamfanoni a kulle suke sayar da akwatin, ba sa ba makaniken unguwa hanyar shiga.